Zubin Farko a Gonar Gaiya

Matan da suka fita neman itace ne suka fara ganin gawar, da hantsin wata Laraba cikin watan Satumba na 2008. Gaiya na kwance rubda ciki tsakanin kunyoyin doyarsa a bayan ƙauyen Gidan Kwano da ke gefen Minna, da rauni guda a ƙeya. Garmarsa na gefensa. Ba a ɗauki wayarsa ba, ba a haƙi doya ko ɗaya ba.

Kafin azahar unguwa ta riga ta yanke hukunci: Ndanusa ne. Ndanusa ɗan kabu-kabu ne, mutumin Bida, yana haya kusa da titi da matarsa Rukayat da 'ya'yansu. Kowa ya san yana yanke hanya ta gonar Gaiya idan ya ɗauko ɗaliban jami'a. Kowa ya ji rigimar da suka yi a bakin kasuwa, inda Gaiya ya rantse sai ya farfasa masa babur. An tsinci ɓarɓashin murfin sigina mai ruwan lemo kusa da gawar. Da aka duba babur ɗin Ndanusa, sai aka ga siginarsa ta baya, ta hagu, a fashe.

Da kyar 'yan sanda suka ƙwace shi daga hannun samari. Shugaban samarin, Christopher, ɗan ƙanen mamacin ne. Ya bi motar har ofis, ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi magana ba tare da ɗaga murya ba.

"Asabar za mu binne Baba. In muka ji kun sake shi, ko kun ɓoye shi, daga maƙabarta gidansa za mu wuce."

Matsalar Insfekta Nma, mai riƙe da binciken, ita ce shi ma Banufe ne kamar wanda ake zargi. Duk abin da zai faɗa, an riga an san fassarar da za a yi masa. Don haka ya aika garin Maikunkele a kira Gimba.

*

Gimba tsohon mafarauci ne da ya daɗe yana bin sawun ɓarayin shanu. Ɗan Gbagyi ne kamar mamacin, Musulmi kamar wanda ake tsare da shi, kuma babu ɓangaren da ke ƙaunarsa sosai. Wannan ne amfaninsa.

An yi ruwa kafin wayewar garin Laraba, ƙasa ta riƙe duk abin da ya taka ta. Jama'a sun tattake kewayen gawar, don haka Gimba ya koma bakin titin Bida, ya faro daga inda taya ta sauka daga kwalta. Nma na biye da shi.

Babur ɗaya ne, ya shiga ya fita. Taya irin ta kowa. Mutum ɗaya a kai. A tsakiyar gonar, inda hanya ta miƙe babu dutse babu rami, sawun ya karkata dama, ya kewaye wani ɗan fili, ya dawo kan hanya. Wajen fita ma haka, duk da cewa a fitar gudu ake yi, don tayar ta watsa laka har kan ganye.

"Me ya kauce wa?" Nma ya tambaya.

Gimba ya tsuguna ya shafa wurin. "Ciyawa ce kawai."

"To?"

"To, mutumin da ke gudun ransa ya tuna ya kauce wa ciyawa."

Ƙarƙashin wata ɗorawa, kusa da inda aka sami gawar, jakin babur ya nutse cikin ƙasa: an daɗe a tsaye. A gindin itacen akwai ɓawon dafaffiyar gyaɗa, tsibi biyu, ɗaya nan ɗaya can.

"Sun zauna," Gimba ya ce. "Sun ci gyaɗa."

"Gaiya da Ndanusa?"

"Yallaɓai, kai kana cin gyaɗa da wanda ka rantse za ka fasa masa babur?"

"Wataƙila sulhu suka zauna yi, ya ɓaci."

"Wataƙila."

Ya karɓi ɓarɓashin da 'yan sanda suka ƙulle a leda, ya zaɓi mafi girma, ya wanke shi a ruwan da ya kwanta a kwari. Ya goge a rigarsa, ya ɗaga sama. Dattin bai fita ba. Ya sake wankewa. Sannan ya mayar da shi leda.

*

Idon Ndanusa ɗaya a rufe yake saboda duka. Yana zaune a ƙasan ɗakin tsaro, ya jingina da bango.

"Sigina ta daɗe da fashewa, Baba. Wata bas ce ta goge ni a shataletalen Kpakungu."

"Wa ya gani?"

"Duk Kpakungu sun gani. Amma wa zai tuna?"

"Jiya da safe ina kake?"

"Kan titi. Ina ɗan kabu-kabu zai kasance?"

"Ka bi ta gonar?"

Ndanusa ya girgiza kai. "Tun da ya zage ni a kasuwa ban ƙara bi ba. Wallahi."

"Da kake bi, ta yaya kake bi?"

"Ta yaya kuma? Hanya ce miƙaƙƙiya. In ka shiga sai ka fita."

"Ba ka kauce wa komai?"

"Me ke wurin da za a kauce wa?" Ya matso, muryarsa ta sauka. "Baba, Rukayat ta aiko. An ce an sayi fetur. Mai gidan haya ya ce ta kwashe kaya kafin a ƙona masa gida. Ciki gare ta. Ina za ta?"

Gimba bai yi masa alkawarin komai ba. Kafin ya bar ofis ya roƙi a kwance masa ragowar murfin da ya maƙale a babur ɗin Ndanusa, ya sa a aljihu dabam.

*

A gidan makoki matan zumuntar coci na waƙa ƙasa-ƙasa. Matar Gaiya, Magdalene, na zaune kan tabarma a bakin ɗaki. Gimba ya yi mata gaisuwa da Gbagyi, sannan suka juya Hausa saboda Insfekta.

"Wa mijinki yake zama da shi a gona?"

"Ba ya zama. Ko ni in na kai abinci, a tsaye yake ci."

"Ya fita da gyaɗa?"

"Ni na dafa masa. Ya cika aljihu."

"Akwai wanda ke damunsa kwanan nan, ban da ɗan kabu-kabu?"

Ta gyara ɗaurin zanenta. "Maiwada dillali. Ya zo ya zo, har karen gidan nan ya daina yi masa haushi. Wai masu gina ɗakunan ɗalibai na son gonar. Mijina ya ce ko za a jera masa motoci."

"Me ya sa?"

"Ai ka san wurin ba gona ba ce kawai. A tsakiyarta…"

"Mama, ki huta." Christopher ne, ya fito daga bayan rumbu. Dogo ne, da tsabtatacciyar riga, idanunsa jajur kamar na wanda bai runtsa ba. Ya ɗan rusuna wa Gimba. "Baba, sannu da zuwa. Amma matar da aka kashe wa miji ba ita za a titsiye ba. Mai laifi na hannunku. Me kuma ake nema?"

"Sawu, ɗana."

"Sawu ya kai ku ofis tun jiya."

A fita Gimba ya ga jarkoki biyu a inuwar rumbun. Ba na ruwa ba ne. Ƙuda ba ya sauka a kansu.

*

Maiwada na da ɗan ofis a Kpakungu, da fanka da kujerun roba. Bai nuna tsoro ba, bai kuma yi ƙoƙarin nuna baƙin ciki ba.

"Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai taurin kai. Laraba ina Suleja wajen ɗaurin aure, ga hotuna in kuna so. Babur ɗina ga shi can, ku duba. Ni ban iya gudu a laka ba, Baba, dubi tumbina."

Siginonin babur ɗin lafiya lau suke, ƙura ta daɗe a kansu.

"Ka matsa masa," Nma ya ce.

"Na gaishe shi ne sau da yawa. Yallaɓai, sana'ata jira ce. Tsofaffi ba sa sayar da ƙasa. Magada ke sayarwa."

"Wane magaji ka yi magana da shi?" Gimba ya tambaya.

Maiwada ya yi murmushi, ya ƙara wa fanka ƙarfi. "Ni ina gaisawa da kowa."

*

Abdulwasiu, makanikin da ke gyara baburan ofis, ya juya ɓarɓashin a tafin hannu, ya sa a haƙori ya ɗan ciza, ya tofar.

"Oga, wannan ba kamfani ba ne. Na kamfani siriri ne, in ya fashe kamar kwalba. Wannan kauri, ka gani? Zubi ne. Akwai wani mata bayan Kasuwar Kure, Madam Hadassah, shi ne yana yi."

Nma ya miƙe zaune. "Na Ndanusa fa?"

Gimba ya miƙa ragowar da aka kwance. Abdulwasiu ya duba, ya girgiza kai.

"Shi ma zubi ne. Hannu ɗaya. Oga, rabin kabu-kabu na Minna na madam ɗin nan suna sawa, araha ne."

Nma ya jingina da bango. Abin da ya yi fatan zai wanke Ndanusa ya ƙara ɗaure shi. Washegari Juma'a ce.

*

Shagon Hadassah na cikin wani lungu bayan layin masu hatsi. Tun daga nesa warin ke dukan hanci, wani wari mai zaƙi da ke sa ciwon kai. A kan igiya ta rataye kayanta: murafen sigina ja da ruwan lemo, maɓallan rediyo, mariƙin makulli. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, ta ɗaure hanci da ƙyalle. Ba ta ɗago ba da suka yi sallama.

"Ku zauna. In na tsaya yanzu ya daskare mini a kofi."

Suka zauna suna kallo. Ta tsiyaya wani ruwa mai kauri kamar zuma a kofin roba, rezin take ce masa. Ta tsoma tsinke a kwalbar kala ta juya a hankali har ya koma ruwan lemo. Ta ɗiga maganin da ke daskarar da shi, ta sake juyawa, ba da sauri ba don kada kumfa ya shiga. A gabanta akwai mazubai na roba mai laushi, kowanne ɓari biyu, an ɗaure da tsumman tayar keke. Ta zuba ta wata 'yar kafa, siririn zubi kamar zare, tana ƙwanƙwasa gefen da yatsa don iska ta fito. Da ta gama ta taɓa ɗaya da bayan hannu.

"Ya fara zafi. Yanzu ba ruwana da shi sai ya huce." Ta sauke ƙyallen. "Me na yi wa hukuma?"

Gimba ya ɗora ragowar murfin Ndanusa a kan teburin. Ta ɗaga shi ga hasken ƙofa. Rana ta ratsa shi tas, kamar ruwan shayi.

"Nawa ne. Na sayar da irinsa ba iyaka."

Ya ɗora na gonar. "Wannan na wanke shi har sau biyu. Dattin a ciki yake."

Ta ɗauka. Wannan karon ta daɗe. A cikin ruwan lemon akwai wani farin gajimare, da ɗigo-ɗigon jar ƙasa. Ta ajiye shi a hankali kamar mai zafi.

"Ina kuka samo shi?"

"Kusa da kan Gaiya."

Ta ja kujera ta zauna. Sai a lokacin Gimba ya tuna inda ya ga fuskarta: cikin matan da ke waƙa a gidan makoki.

"Ban sayar da wannan ba," ta ce.

"Ki yi mana bayani," in ji Nma.

"Kowane mazubi daga murfi na asali nake ɗaukarsa. In samo tsohon murfi a wajen makanikai, in lulluɓe shi da roba, in ta kama in tsaga in cire. Komai wankin da na yi masa, ƙurar da ta shige tsagoginsa tana maƙalewa a jikin robar. Sannan ina barbaɗa wa sabon mazubi hoda don kada ya manne. Zubin farko shi ke kwashe duk wannan. Haka yake fitowa, a dusashe. Daga na biyu sai ya fito garau. Mazubin siginar baya guda ɗaya na taɓa yi, bana. Zubin farkonsa guda ɗaya ne a duniya."

"Sai ki zubar?"

"Allah ya sawwaƙe. Nunan fari ne." Ta dubi Gimba. "Mu manoma ne asali. Uwata ba ta taɓa cin sabuwar doya ba sai ta kai ta farko coci. Ni ba ni da gona, wannan ce gonata. Duk abin da ya fara fitowa daga sabon mazubi, coci nake kaiwa. Na kai wannan ranar Lahadin nunan fari, farkon watan nan, na ajiye shi kan doyar mutane."

"Daga nan ina ya tafi?"

Ta kau da kai. A waje wani mai kura yana ihun a ba shi hanya.

"Madam," Nma ya ce, "mutum na tsare. Gobe za a ƙona gidan mace mai ciki."

"Na sani. Na kuma san waɗanda suka sayi fetur ɗin. Uwata na zaune a tsakiyarsu, makauniya ce, ɗakinta na ciyawa." Ta ɓoye hannunta cikin zane. "Ba zan kira suna ba, Yallaɓai. In na kira, za a ce Hadassah ta sayar da ɗan'uwa ga baƙi. Amma ba ni kaɗai ce a coci ranar ba. Coci a cike yake. Ku tambaye su gaba ɗaya."

"Za ki zo?" Gimba ya tambaya.

Ta tashi ta kwance tsumman wani mazubi, ta buɗe robar kamar mai ɓare mangwaro. Sabon murfi ya faɗo tafinta, garau.

"Ai jana'iza ce," ta ce. "Dole in zo."

*

Ranar Asabar da safe harabar cocin ta cika tun kafin a fito da akwati. Baburan masu makoki na jere a inuwar mangwaro. Samari sun tsaya gefe guda, ba sa waƙa. Nma ya zo da mota da 'yan sanda kaɗan, Ndanusa na baya da ankwa, Maiwada na gaba yana share gumi. Da aka hango Ndanusa, wani gunaguni ya ratsa taron.

Fasto Irimiya ya ɗaga hannu. Ya ce Baba Gimba ya roƙi a ba shi ɗan lokaci kafin addu'a, kuma shi ya amince.

Gimba ya tsaya a tsakiya, hularsa a hannu.

"Ni ba mai magana ba ne. Abin da ƙasa ta nuna mini zan faɗa. Wanda ya je wurin Gaiya ya zauna da shi, sun ci gyaɗa tare. Da ya tashi tafiya, Gaiya ya doki bayan babur ɗinsa da ƙotar garma, sigina ta fashe, ɓurɓushinta na nan a jikin ƙotar. Mutumin ya sauko ya ƙwace garmar. Sauran kun gani." Ya juya ga matar mamacin. "Magdalene, rannan kin fara gaya mini wani abu aka katse ki. Me ke tsakiyar gonar nan, inda hanya ta ratsa?"

"Kabarin surukina," ta ce. "Uban Gaiya. Irin binnewar da, ba alama. Ba ma takawa."

"Wa ya san wurin?"

"'Yan gida."

"Mai babur ɗin ya kewaye shi da zai shiga. Ya kewaye shi da zai fita, da jini a hannunsa."

"Kowa na iya kauce wa ciyawa," Christopher ya ce daga cikin samari. "Baba, gawa na jira."

"Gaskiya ne, ɗana. Kowa na iya." Gimba ya zazzage ledar a tafinsa, ya miƙa wa Hadassah. Ta fito daga layin mata, ta ɗaga babban ɓarin sama yadda rana za ta ratsa shi, ta faɗi abin da ta faɗa a shago, a taƙaice, idonta a ƙasa. Ba ta kira suna ba.

"Ni ba na nan ranar Lahadin nunan fari," Gimba ya ce wa taron. "Ku kuna nan. Me aka yi da abin da Hadassah ta kawo?"

Mutane suka dubi juna. Sai wata tsohuwa a layin gaba, wadda kunnenta ya yi nauyi, aka maimaita mata tambayar, ta yi 'yar dariya.

"Ai mun sha dariya ranar! Fasto ya ɗaga shi ya ce wannan doyar ba ta dahuwa, ko an kwana ana hura wuta. Ya ce wa ke da babur ya zo ya karɓi albarka. Sai yaron nan ya taso yana rawa, har ya…"

Ta tsaya. Dariyar ta bushe a fuskarta.

Ba wanda ya nuna da yatsa. Kawunan ne suka juya, layi bayan layi, mata da dattawa, daga ƙarshe samarin da ke tsaye kusa da shi.

Fasto Irimiya ya cire tabaransa. "Da hannuna na ba ka, Christopher. Na ɗora hannu a kanka."

"Ya daɗe da faɗuwa," Christopher ya ce. "A hanya. Wani ya tsinta. Ku duba babur ɗina, sabuwar sigina ce."

"Sabuwa ce ƙwarai," in ji Gimba.

Nma ya karɓi sukudireba daga direbansa, ya tsuguna bayan babur ɗin Christopher. Murfin hagu na kamfani ne, yana sheƙi, ko ƙura bai yi ba. Ya kwance shi. A cikin robar da ke kewaye da ƙwan fitilar akwai ɓurɓushi mai ruwan lemo, kuma a gindin ƙusa wani ɗan guntu ya maƙale, wanda mai gaggawa bai tsaya cirewa ba. Nma ya zaro shi ya ba Hadassah. Ta haɗa shi da ɓarin da ke hannunta. Bakin ya zauna a baki. Farin gajimaren ya tashi daga wannan ya shiga wancan ba tare da ya yanke ba.

Christopher ya dubi guntayen, ya dubi akwatin da aka fito da shi aka ajiye a bakin ƙofa.

"Na roƙe shi," ya ce. "Rabon ubana kawai na ce ya yanka mini. Ya ce in jira ya mutu." Ya ɗago kai. "Shi ya fara duka."

Maiwada ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa.

Samarin suka fara matsowa, a hankali, kamar yadda suka matso wa Ndanusa ranar Laraba. Ɗaya ya riga ya juya wajen da aka ajiye jarkoki. 'Yan sanda suka kewaye Christopher. Ba su da yawa.

Magdalene ce ta tashi. Ta ratsa tsakaninsu, ta tsaya da bayanta ga motar.

"Gawa ɗaya zan binne yau," ta ce. "Ku zo ku ɗauki babanku."

An ɗan jima ba wanda ya motsa. Sannan wani ya je ya kama kunnen akwatin, wani ya bi shi. Nma ya kwance ankwar daga hannun Ndanusa, ya ɗaura ta a wani hannun.

*

Rukayat ta riga ta ɗaure kaya, katifa na jingine a waje. Ndanusa ya tsaya yana kallonsu, bai ce a kwance ba, bai ce a loda ba. Ba wanda ya zo ba shi haƙuri. Maƙwabta na wucewa suna duban wani wuri.

Da la'asar Gimba ya fito bakin titin Bida yana jiran motar Minna. Babur ya tsaya a gabansa, siginar hagu har yanzu ba murfi.

"Baba, hau in kai ka."

"Da ido ɗaya?"

"Ɗayan ya fara buɗewa." Ndanusa bai tayar da injin ba. Yana duban hanyar da ta sauka daga kwalta ta shige cikin doya. "Kafin mu tafi, ina son ka nuna mini wurin."

"Wane wuri?"

"Kabarin. Shekara nawa ina bi ta kansa da fasinja. Tsohon nan yana zagina, bai taɓa gaya mini dalili ba."

Suka bar babur ɗin a bakin titi suka shiga da ƙafa. Sawun ranar Laraba na nan, ya bushe, ya karkata dama ya dawo. Gimba ya nuna ɗan filin da ke tsakiya da baki. Ciyawa ce kawai.

Ndanusa ya daɗe a tsaye. Sannan ya cire takalmansa, ya riƙe a hannu, ya kewaye.